A Bar Ayari Ya Ji Ƙishirwa

Mako biyu na yi ina shirya wa abokan wasanmu na labari hanyar. Na zana ta a bayan wata tsohuwar kalanda, daga garin da ayarin zai tashi har inda ake haƙar gishiri: rijiya shida, tsakanin ta huɗu da ta biyar tafiyar kwana uku babu inuwa. Na ƙirga salkunan ruwa, na ƙirga raƙuma, na san ranar da ruwa zai ƙare in aka yi sakaci. Na shirya mutanen da ke riƙe da rijiya ta biyar, na ba su dalilin ƙin baƙi, na kuma ɓoye hanyar da za a bi a shawo kansu. Ranar Asabar bayan La'asar muka shimfiɗa tabarma a zauren gidanmu da ke Mabera, mu shida. Na ja labari har inda rana ta take, salka ɗaya ta tsage, ruwa ya bi rairayi. Ina jiran in ga fuskoki sun sauya, sai ɗan yayata, wanda ya fi kowa karanta littafin dokokin, ya ɗaga wayarsa ya ce, "Kawu, wanga ai ba matsala ba ta. Ina da dabon da ka kawo ruwa galan goma, in na kwana kuma in sake." Na duba, da gaskiyarsa. Galan goma ya kai jarka ɗaya da rabi. Na kusa da shi ya ce shi ma yana da dabon 'ya'yan itace goma, kowane ɗaya yana riƙe cikin mutum yini guda. Cikin minti biyu hamada ta zama tsakar gida. Ba wanda ya tambayi su waye masu rijiya ta biyar, don ba wanda yake bukatarsu.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, na baki ne da takarda. Mutum ɗaya ke riƙe da duniyar labarin, shi ke faɗin abin da ido ke gani da abin da mutanen gari suka ce. A zaurenmu madugu muke ce masa. Sauran kowa yana da mutum guda da yake magana da yawunsa, barde ko maharbi ko mai magani ko mai dabo. Ka faɗi abin da kake son yi, in akwai haɗari a ciki a nemi lamba daga 1 zuwa 20, a haɗa da wadda ke takardarka, a ga ko ka dace. Tatsuniya ce da masu sauraro ke da hannu a cikinta. Wanda ya fi suna a irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ƙananan littattafai uku a cikin kwali. Ni a wajen bautar ƙasa na koya, a hannun wani abokin zama, na dawo da shi Sakkwato. Yanzu ina ganin samarinmu suna cin karo da shi a intanet, suna sauke dokoki a waya, suna neman abokan zama. Su nake yi wa wannan magana tun kafin abin ya yi nisa.

Ra'ayina shi ne a sa wa ƙarfin 'yan wasa iyaka tun daga ranar farko, a kuma rage dokoki har su shiga takardar da kowa a zauren zai iya karantawa. Na san masu son wasan da yawa za su ce wannan rowar madugu ce. Na shekara ina jan wasa a kan dokokin kamar yadda aka rubuta su kafin in kai ga wannan matsayi, kuma abin da na gani da idona ne ya kai ni.

A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, ɗan wasa yana hawa daga mataki na 1 zuwa na 20. A matakin farko barde yana da makin rai wajen 12, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi. Talakan gari yana da 4, dogarin ƙofa 11. Wato barden nan mutum ne kamar kowa, in dogarai uku suka tare shi dole ya yi magana mai daɗi. A mataki na 5 mai dabo yana samun dunƙulen wuta da ake jefa masa ƙwaya takwas masu fuska shida, kowace fuska da lambarta, abin da ke ba da raunin maki 28 a tsaka-tsaki, kuma yana cin duk wanda ke cikin da'irar ƙafa 20 daga inda ya faɗi. Daga ranar nan dogarai sun daina zama abin tsoro. A wannan matakin dai ake samun dabon tashi sama, da wanda ake yi wa gawa tambaya biyar. A mataki na 9 ana tayar da wanda bai wuce kwana goma da mutuwa ba. A na 13 ana ɓacewa daga wannan gari a bayyana a wancan. A na 17 akwai dabon da sunansa ma buri ne, ka faɗi abin da kake so. Ko faɗowa daga sama an yi mata iyaka a ƙwaya 20, wajen maki 70, alhali barden da ya yi nisa ya haura 100. Sai ya faɗo daga gajimare ya karkaɗe riga ya ci gaba da tafiya.

Duk ɗaya daga cikin waɗannan yana kashe wani irin labari. Ganuwa da ƙofar gari ba su da amfani ga mai tashi sama. Labarin wa ya kashe fatake a zango ya mutu ranar da aka iya tambayar gawa. Tafiya, wadda ita ce ƙashin bayan labaran fatake da na mahajjatan ƙasa, ta zama maganar daƙiƙa ɗaya. Mutuwa ta koma kamar zazzaɓi. Abin da ya rage wa madugu shi ne ya kawo dodon da ya fi na jiya girma, gobe ya kawo wanda ya fi shi, har labarin ya bar ƙasa, ya bar mutane, ya koma kokawa da halittun da ba wanda ya damu da su. Na ga wannan ya faru a tabarmata. Yaran da a farkon wasa suke tsayawa su gaida mai unguwa, su tambayi tsohuwa mai fura labarin hanya, da suka kai mataki na 8 sun daina gaida kowa. Me za su nema a wurin mai unguwa? Ko mutanen garin duka suka taru, dabo biyu ya ishe su.

Mu da muka tashi da tatsuniya bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Zaki yana nan, Giwa tana nan, amma Gizo ne muke jira mu ji abin da zai yi, don ba shi da ƙarfin kowa kuma dole ya fita. Ranar da aka ba Gizo ƙarfin Giwa, Inna ba ta da abin faɗa bayan ta ce ga ta nan ga ta nanku. Ko a tarihin ƙasar nan, ba don in haɗa wasa da al'amarin magabata ba, abin da ya sa ba a gajiya da ba da labarin Tafkin Kwatto na 1804 shi ne jama'ar Shehu, ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi, mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa, suka fuskanci dawakin Gobir masu lifidi. Kunnen Bahaushe ya san inda daɗin labari yake.

Dubi dara kuma. Ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Yaro zai koyi dokar kafin shayi ya huce, amma dattijo zai shekara arba'in a gindin bishiya yana buga ta bai ƙure ta ba. Zurfin yana cikin kan abokin karawarka. Ɗan dambe hannu ɗaya ake naɗe masa, ɗayan na kariya ne, kuma wannan ƙuntatawar ce ta haifi duk gwanintar da ake zuwa kallo.

Yawan ƙarfi yana tafe da yawan doka, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Kowane mataki yana ƙara wa takardar ɗan wasa layi: sabon dabo, sabuwar baiwa, abin da za ka iya yi in an kai maka hari, abin da za ka iya yi sau ɗaya kafin hutu. Lokacinmu daga La'asar ne zuwa Magariba, awa biyu da 'yan mintuna, in aka kira salla an tashi ke nan. A matakin farko muna iya yin ciniki a kasuwa, mu ƙetare gulbi, mu yi faɗa da 'yan fashi, mu kwana a zango, duk a zama ɗaya. Da muka kai mataki na 10 akwai Asabar ɗin da faɗa guda ya cinye zaman gaba ɗaya, kuma a cikin labarin ko minti ɗaya bai cika ba, tunda kowane zagaye daƙiƙa shida ne. Mutum zai yi minti ashirin yana jiran a zo kansa, ga zafin watan Afrilu, ga babu wuta, fanka a tsaye. Wanda aka zo kansa kuma yana ta latsa waya yana neman shafin da ya yi bayanin dabonsa, cajin na ƙarewa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Akwai kuɗi a ciki. Manyan littattafan wasan uku ne, kowanne ya haura shafi 300, kuma a 2014 kowanne kusan dala 50 ake sayar da shi. Da dala ta wuce naira 1,500 a 2024, ukun sun haura naira 200,000 kafin a yi maganar kuɗin kawowa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Gaskiya ne akwai dokokin farko da kamfanin da ke buga wasan ya saki kyauta, kuma a farkon 2023 ya sake ginshiƙin dokokin ga kowa ya yi amfani da shi, bayan masu wasa sun yi masa ca a kan yunƙurin sauya lasisi. Amma ko na kyautan da Turanci yake, Turanci mai kama da na lauyoyi, inda kalma ɗaya ke sauya hukunci.

Wannan ya kawo ni ga mutumin da ya sa na sauya tunani. A cikinmu akwai wani tela, abokina tun muna makarantar allo, shagonsa na wajen Tsohuwar Kasuwa. Bai yi nisa a boko ba, amma ban taɓa zama da mai kaifin dabara irinsa ba. Shi ne ya taɓa cewa a ɗaure wa jakuna reshen ƙaya a wutsiya a kora su, ƙura ta tashi, 'yan fashi su ɗauka dawaki ne da yawa. Shi ne ke tuna sunan kowane mai gadi da abin da aka yi masa alkawari. A matakan farko shi ne uban tafiyar. Da wasa ya yi nisa sai na ga yana yin shiru. Duk dabarar da ya kawo, wani zai ce ba sai an wahala ba, akwai dabo. In aka zo kansa sai ya miƙa takardarsa ga ɗan yayata ya ce, "Duba min, mi ni ka iya yi?" Ranar da na ji wannan tambayar jikina ya yi sanyi. Mutumin da ya fi mu sanin abin yi ya koma tambayar yaro abin da aka yarje masa. Wasan ya tashi daga hannun mai tunani ya koma hannun wanda ya fi jin Turanci kuma ya fi data. Bayan mako uku ya ce aiki ya yi masa yawa, ya daina zuwa. Ba lokacin ɗinkin salla ba ne, na san dalilin.

In muna son wannan wasa ya zauna a ƙasar Hausa, ya shiga zaure da tsakar gida, ƙanne mata su buga shi da yayyensu a cikin gida, ɗan kasuwa ya zauna da ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo ba wanda ya raina wani, to ba zai zauna da shafi dubu na Turanci a kansa ba.

Masu yin wasan ma sun san da ciwon. A bugu na uku, na shekarar 2000, lambar da barde ke ƙarawa a kan harinsa tana hawa ɗaya a kowane mataki har ta kai 20, ta mai dabo kuma ta tsaya a 10. A ƙwaya mai fuska 20 kowane ɗaya kashi biyar ne cikin ɗari, don haka tazarar goma rabin ƙwayar ce: abin da wani ba zai kuskure ba, wani ba zai taɓa samu ba. Littattafan ƙari suka yi ta fitowa, masu ƙwaƙwalwar lissafi suka yi ta haɗa wannan baiwa da waccan har suna gina mutumin da ba a iya taɓawa. Da aka zo bugu na biyar sai aka ja linzami. Lambar ƙwarewa ta koma daga 2 zuwa 6 kacal a duk matakai ashirin, aka ce manyan dabo da yawa ba a riƙe biyu a lokaci ɗaya, manyan kayan dabo kuma uku kawai mutum zai ɗaura wa kansa. Gyara ne mai kyau, sai dai an rage gudun dokin ne, ba a sauya inda ya nufa ba. Mafi yawan labaran da kamfanin kansa ke bugawa ba sa kaiwa mataki na 20. Wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, wanda ya fito a 2023 a kan waɗannan dokoki, a mataki na 12 ya tsaya, taki ɗaya kafin dabon ɓacewa daga gari zuwa gari.

'Yan wasa ma ba su zauna jiran kamfani ba. Wajen 2007 wani mai suna Ryan Stoughton ya fito da tsarin da ake kira E6: a tsaya a mataki na 6, bayan nan duk makin gogewa 5,000, wato makin da ake tarawa don hawa mataki, a ba ka ƙaramar baiwa guda, amma ranka da ƙarfin dabonka ba sa ƙaruwa. Wasu kuma suka koma tsohon bugu na 1981, wanda littafinsa na farko shafi 64 ne kuma mataki uku kawai ya ƙunsa. A can mai dabo yana farawa da dabo ɗaya tak a yini, kuma kyanwar daji na iya kashe shi. Mafi yawan makin gogewa daga dukiyar da ka fito da ita ake samu, don haka wanda ya lallaɓa ya wuce dodo yana barci ya fi wanda ya tsaya faɗa riba. Daga wannan komawa baya aka sami sababbin wasanni da yawa. Ɗaya daga ciki, Shadowdark na Kelsey Dionne da ya fito a 2023, ya tsaya a mataki na 10, ba ɗan wasan da ke gani a duhu, kuma wutar da ka kunna awa ɗaya take yi a agogon gaske. In ta mutu kuna tsakiyar kogo, ta mutu. Duk wanda ya taɓa tafiya a lungu da dare fitilar wayarsa ta ɗauke ya san abin da wannan doka ke sa wa a zuciya.

Abin da muke yi yanzu a zaurenmu bai kai nan wahala ba. Na zauna na rubuta dokokinmu da Hausa a gaba da bayan takarda ɗaya, na kai aka buga kwafi shida. Mataki na 4 ne ƙarshe, don haka dunƙulen wuta da tashi sama da tambayar gawa ba sa zuwa ko kaɗan. Na soke duk dabon da ke kawo ruwa ko abinci ko haske. Kowa abu goma yake ɗauka, in ka ɗauki salka biyu ka bar garkuwa. Rauni ba ya warkewa da barcin dare ɗaya, sai an yi mako ana jinya, kuma wannan ma ba ƙirƙirata ba ce, yana cikin zaɓin da littafin madugu na 2014 ya bayar. Wanda ya mutu ya mutu, a yi masa sutura a cikin labarin, mai shi ya ɗauki ƙanensa ko yaronsa ya ci gaba.

Wannan na ƙarshen yana da wani dalili da ba zan ɓoye ba. Nan Sakkwato ne. Wata rana Baffana yana wucewa ta zaure ya ji yaro yana cewa zai tayar da matacce. Ya tsaya, bai yi faɗa ba, ya kira ni gefe ya ce, "Kai, wanga wane irin zance na yara ka yi a gidan ga?" Na yi masa bayani cewa labari ne kamar tatsuniya, ya ce ko a tatsuniya akwai abin da ba a saba wa baki da shi. Ya kuma yi maganar ƙwayar da muke jefawa, ya tuna mini hadisin nardi, wani wasan jefa ƙwaya, da ke cikin Sahihu Muslim. Hukunci na malamai ne, ni ba malami ba ne. Abin da na yi shi ne na ce, "To, Baffa," na ajiye ƙwayar, na rubuta 1 zuwa 20 a marafan kwalba muka zuba a hula muna zara, ko sisi kuma ba a taɓa sawa a wasanmu ba. Da na rage sihirin, sai na tarar abin da ya kwantar wa Baffa da hankali shi ne kuma ya gyara wasan. Labarin fatake da maharba da 'yan kasuwa, mai ɗan abin mamaki jefi-jefi kamar yadda yake a tatsuniya, ya fi dacewa da bakinmu a kan na matsafa masu ruwan wuta.

Ɗan yayata bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja. Ya ce shi abin da ke kawo shi shi ne ya ga mutuminsa yana girma. Duk mako yana fama da karatu da aike da faɗan manya, Asabar ce kawai ranar da yake zama wani. In aka ce ko a labari ba zai yi ƙarfi ba, me ya rage? Wannan magana ta shige ni, musamman da yake na taɓa zaluntarsa a kanta. Kafin mu sauya tsari akwai wani zobe da ya samu wanda ke ɓatar da shi daga ido. Zoben ya dame ni, ya hana ni shirya komai. Maimakon in zauna da shi mu yi magana, sai na sa ɓarawo ya sace shi da dare a cikin labarin, ban ko ba shi damar farkawa ba. Ya gane abin da na yi. Ya tattara takardarsa ya fita, ya yi wata guda bai dawo ba, sai da na je har gidan Yaya na ba shi haƙuri. Abin da mutum ya samu da guminsa a kan dokar da aka yarda da ita, ƙwace shi zalunci ne ko da a wasa. Shi ya sa nake cewa tun ranar farko. Tun ran gini tun ran zane. A faɗa wa kowa inda rufin yake kafin ya shiga ɗakin, wanda bai yarda ba ya faɗi nasa, a daidaita.

Game da girma kuwa, amsar da na ba shi ita ce girma ba a damtse kaɗai yake ba, kuma Bahaushe ya fi kowa sanin haka. Wa ya fi ƙarfi a gari, ɗan dambe ko mai rawani? Tsofaffin dokokin ma haka suka tafi: barde in ya kai mataki na 9 sai ya gina ganuwarsa, mutane su taru a ƙarƙashinsa, ƙaruwar ransa kuma ta ragu ƙwarai. Mu sai muka jawo wannan kusa. Bayan mataki na 4 abin da kake samu shi ne suna, da yara, da raƙuma, da rumfa a kasuwa, da bashin da wani sarki ke jin kana binsa. Mutumin ɗan yayata yanzu shi ne sarkin zango a wani gari na cikin labarin. Yana da baƙi da zai saukar, yana da maƙiyi a fada, yana da yara bakwai da in ya tura su hanya mara kyau iyayensu za su zo ƙofarsa. Kibiya ɗaya har yanzu tana iya kashe shi. Ban taɓa ganin ya damu da wasan kamar yanzu ba, har tsakiyar mako yakan turo mini saƙo yana tambayar ko ayarin gishiri ya iso.

Akwai wata hujja da ta fi wannan nauyi. In doka ta yi kaɗan, hukunci yana komawa bakin madugu, kuma madugu mutum ne, yana da wanda ya fi so, yana da ranar da ransa ke ɓace. Shafi dubun nan da nake kuka da su, wani ɓangarensu katanga ce da ke kare ɗan wasa daga son zuciyar mai jan labari. Wanda ya sace zobe ba shi da bakin musa wannan. Abin da muka yi shi ne a gaban kowa ake zara lamba, har tawa. Kafin a zara nakan faɗi lambar da ake nema da abin da zai faru in ba a samu ba. Duk hukuncin da na yanke a kan abin da takarda ba ta faɗa ba, a rubuta shi a baya, gobe ya hau kan kowa har da mutanena. Kuma duk bayan wata biyu wani ya karɓi maduganci, ni in koma ɗan wasa. Wannan na ƙarshen bai taɓa yiwuwa ba a da, don ba mai iya ɗaukar littattafan. Yanzu har telan ya ja mana labari na mako huɗu, a kan rigimar masu jima da masu rini, kuma ba a zare takobi ko sau ɗaya ba.

Ya dawo ne bayan na kai masa takardar har shago. Ya karanta ta a tsaye, gaba da baya, ya ce, "Shi ke nan duka?" Na ce shi ke nan. Asabar ɗin da ta biyo na fito da tsohuwar kalandar nan, hanyar gishiri da rijiyoyinta shida. Salka ta sake tsagewa a wuri ɗaya. Wannan karon zauren ya yi tsit. Suka ƙirga abin da ya rage, suka ga ba zai kai su ba sai an bar kaya ko an bar raƙumi. Suka yi gardama ta gaske, har maharbi ya ce a juya. Telan ne ya tambaya ko akwai tsuntsaye a sama, da kuma ina suka nufa da yamma. Suka isa rijiya ta biyar da raƙumi ɗaya a mace da mutum ɗaya a sume, suka tarar da masu rijiyar tsaye da masu. Ɗan yayata ya kai hannu ga takardarsa, ya duba, ya ajiye. Ya gyara zama ya ce mutuminsa zai sauka daga raƙumi, ya cire takalmi, ya yi sallama, ya tambayi wane ne babba a cikinsu. Ana cikin gaisuwar aka kira Magariba a masallacin unguwa, muka kife hular a kan marafan muka tashi.